Kwalaben Baba a Shekarar Zafi

Akwai abubuwan da mutum ke ajiyewa a ransa da gangan, akwai kuma waɗanda su ke neman wuri su zauna ko ba a shimfiɗa musu tabarma ba. Wannan da zan ba ku yana cikin na biyun, kuma na san ba zai bar ni ba har in koma ga Mahaliccina. Ya faru ne a shekarar da aka yi zafin nan a Ingila wanda tsofaffin ƙasar suka ce ba su taɓa ganin irinsa ba, shekarar da Sarauniyarsu ta rasu. Mu da muka tashi a Kano da farko dariya muke yi wa Turawa, sai da muka gane cewa gidajen nan an gina su ne don su riƙe zafi, ba don su sake shi ba.

Sai na fara gaya muku wane ne Baba. Ba mahaifina ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Mutumin duwatsun Filato ne, Kirista, tsohon direban bas a Birmingham. Lokacin da na fara zuwa ƙasar nan karatu, masaukin da aka yi mini alkawari ya wargaje tun ranar da na sauka. Ina tsaye a bakin wani shagon mahauci a Stratford Road da akwatina, ana yayyafi, ina ta magiya a waya, sai wani dattijo ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan gida, ina za ka da wannan kaya a cikin ruwa?" Ya kai ni gidansa a Sparkhill. Na shiga da niyyar kwana biyu, na cinye hunturu guda, har azumi ya same ni a can.

Matarsa, wadda nake kira Mama, ta sayo sabuwar tukunya saboda ni, ta koma sayen nama wurin mahautan Musulmi, kuma duk watan azumin nan ban taɓa cin sahur mai sanyi ba. Baba da kansa ya ja gado gefe don in sami wurin salla. Ranar da zan tashi na rasa bakin godiya, sai ya ce, "Bar shi, Malam. Bashi ne. Ranar da na buƙata zan aiko." Shi da wasa ya faɗa. Ni kuwa na ɗaure maganar a bakin zani.

Daga baya na koma Manchester, na yi iyali a Longsight, na sami aikin karanta tsofaffin takardun Ajami a wani ɗakin ajiyar littattafai. Abin da na koya a zauren mahaifina da alƙalamin kara shi ya zo yana ciyar da ni a ƙasar Turawa, ikon Allah. Zumuncinmu da Baba bai yanke ba. Abu ɗaya ne kawai ke tsakaninmu wanda muke kewayawa kamar rijiya a tsakar gida: Baba yana dafa giyarsa da kansa.

Ya fara ne bayan ya yi ritaya, da hukumar gari ta ba shi ɗan fili yana noman lambu. Ya ce giyar shago ba ta yi masa, saboda wani fure da Turawa ke sa mata don ɗaci, wanda suke kira hops. Mahaifiyarsa mai dafa burkutu ce, kuma ita da saiwa da ɓawon itace take neman ɗacinta. Wani tsohon Bature maƙwabcinsa a lambu ya gaya masa cewa su ma kakanninsu da ganyaye suke yi kafin furen nan ya shigo. Shi ke nan Baba ya sami abin yi. Kayan haɗinsa su ne tsiron sha'ir, zuma, citta, kanumfari, da wani ganye mai furfura ɗan'uwan tazargade da yake shukawa. Duk wannan a bakinsa na ji, don Allah shaida ne ban taɓa kai ko ɗigo bakina ba. Mama kuwa shugabar zumuntar mata ce a cocinsu, ba ta ƙaunar abin ko kaɗan. Takan ce, "A kan wannan dai ni da Malam jam'iyyarmu ɗaya." Baba ya ce, "To ku tsaya zaɓe mana, mu ga wa zai ba ku ƙuri'a."

A waccan shekarar autarsu za ta yi aure. Baba ya ce a garinsu uban amarya ba ya sallamar dattawan gidan ango sai ya zuba musu abin da aka dafa a gidansa, da hannunsa. Ya aurar da sauran 'ya'yansa bai sami yin haka ba, wannan ce damarsa ta ƙarshe. Don haka ya yi dahuwa ta musamman tun da wuri, ya ɗura a kwalabe masu murfin ƙarfe, ya jera su a ɗan ɗakin da ke ƙarƙashin matakala, don su kwanta su nuna kafin biki. Yana gamawa aka kira shi asibiti aikin ƙugu da ya daɗe yana jira.

Ranar da zafin ya kai maƙura, bayan azahar, sai ga wayar Mama.

"Malam, kana ina?"

"Ina gida, Mama. Lafiya? Jikin Baba ne?"

"Jikinsa da sauƙi, an yi aiki lafiya. Kayansa ne ke harbi."

Ban gane ba sai da ta yi bayani. Tana zaune a falo ta ji ƙara kamar bindiga, can kuma ta sake ji. Da ta leƙa, ruwa na malalowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin kwalaben, ga tsinin gilashi ya huda katako ya leƙo waje. Ga shi ta gaban ƙofar nan ake bi a je kicin, ga jikokinta suna zuwa hutu.

Na ce, "Mama, ba wanda ya fi ni kusa?"

Ta ce, "Yayyen amarya maza ɗaya yana Kanada, ɗaya yana Scotland. Amarya ba zan kai fuskarta kusa da gilashi ba. In kuma na kira 'yan coci, kafin Lahadi kowa ya ji cewa gidan shugaba rumbun giya ne. Kai kaɗai ne za ka gani ka yi shiru."

Jiragen ƙasa duk sun rikice saboda zafi, don haka washegari da sassafe na hau doguwar bas. Tun daga Manchester har Birmingham lissafi nake yi da kaina. An karantar da mu tun muna yara cewa laifin giya bai tsaya kan mai sha ba, yana hawa kan mai yi, da mai ɗauka, da mai zuba wa wani. An kuma karantar da mu cewa giyar wanda ba Musulmi ba dukiyarsa ce, wanda ya ɓarar ya ci haƙƙinsa. Sannan ga kawar da cuta daga hanyar mutane, wanda ba mai gardama a kansa. Ga kuma mutumin da ya ja gadonsa don in yi sujada. Kafin mu shiga gari na tsaya a kan abu ɗaya: ba zan gyara masa giya ba, ba zan kuma zubar masa ba. Zan cire haɗarin ne kawai, sauran tsakaninsa da abinsa.

Da ma a ce wani ya ɗauki hotona a ranar, da 'ya'yana sun sami abin dariya har tsufansu. Mama ta sa mini babbar rigar sanyin Baba, a ranar da ko tsuntsu ya nemi inuwa. Ta ba ni safar hannu ta lambu, da tabaran ninƙaya na jikarta, ruwan hoda, da murfin babbar tukunya in yi garkuwa. Ta koma can bakin ƙofar waje ta tsaya tana kiran Yesu, ni kuma ina ƙarƙashin matakala ina Hasbunallahu. Na tabbata gidan nan bai taɓa shan addu'a irin ta ranar ba.

Ɗaya bayan ɗaya nake naɗe kwalba a tawul, in fita da ita bayan gida kamar mai ɗauke da jariri, in karkata bakinta cikin babban bokitin da Baba ke dahuwa da shi, in ture murfin. Sai ta yi tsawa, kumfa ta yi tsiri ta wuce kaina. Gemuna, hulata, takalmana, ba abin da ya tsira. Wani maƙwabci ɗan Pakistan, wanda muka sha haɗuwa a sahu a da, ya leƙo ta kan shinge ya gan ni, ya shaƙi iska, ya buɗe baki zai yi magana, sai ya fasa ya koma ciki. Har yau ban san abin da ya gaya wa iyalinsa ba.

Da na gama, abin da ya taru ya wuce rabin bokiti. Mama ta matso ta toshe hanci ta ce, "Mu tuntsurar a magudana kowa ya huta."

Na ce, "A'a, Mama. Haƙƙinsa ne."

Bokitin yana da murfinsa mai kamawa gam. Na ɗauka na duba, sai na ce a raina ai rufewa gam ɗin nan ita ta jawo mana wannan masifa. Na tuna mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, da tsimin da take jiƙa mana na shawara a tulu. Ba ta taɓa toshe bakinsa ba. Ƙyalle mai tsabta take ɗaurawa, ta ce abin da aka jiƙa numfashi yake yi, kuma daɗewa ke ƙara masa ƙarfi. Na karɓi tsohon ɗankwalin Mama na ɗaure bakin bokitin, muka kai shi rumfar katako da ke ƙarshen lambun bayan gida. Na yi wanka har fatata ta yi ja, na sa kaftanin Baba, na yi salla.

Da yamma muka je asibiti. Magani bai gama sakinsa ba, idonsa a lumshe. Na gaya masa kwalabe sun fashe amma an ceci sauran, suna cikin bokiti a rumfa. Ya kama hannuna ya ce, "Allah ya yi maka albarka, Malam. Ka ga ranar bashin ta zo, ka kuma biya." Na koma Manchester zuciyata fari ƙal, ina jin na sauke kayan da na daɗe ina ɗauke da shi. Ɗan Adam ke nan, yana murna da abin da bai ga ƙarshensa ba.

Jinyar ta ja. Daga asibiti aka kai shi wurin koyon tafiya, da ya dawo gida kuma likitansa ya hana shi taka lambu. Sai bayan an yi jana'izar Sarauniya, biki ya matso, sannan ya dogara sanda ya isa rumfar. Ina wurin aiki ya kira ni.

"Malam."

"Na'am, Baba. Yaya ƙafa?"

"Ƙafa tana tafiya. Ita ta kai ni rumfa yau, na ga aikinku kai da 'yar jam'iyyarka."

Muryarsa babu wasa a ciki. Ya ce giyar ta mutu, ta yi tsami, ba ta shayuwa. Ya ce, "Da ka ce mini addininka ya hana ka taɓawa, da na fahimta. Da ma ka zubar ka gaya mini, da na ce namiji ne. Amma ka bar ta a buɗe ta mutu a hankali, sannan ka zo gadon asibiti ka karɓi albarkata."

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Mutumin da ke karanta rubutun da ya gagari Turawa, shi ne bai san iska na kashe giya ba?"

"A ina zan sani, Baba? Wa zai koya mini?"

Ya kashe wayar. Na kira, na sake kira, kwana da kwanaki bai ɗauka ba. Mama ta ce ko ita ba ya yi wa magana sai da hannu. Asarar giyar ba ta dame ni ba, ba zan ɓoye muku ba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne Baba ya ɗauke ni mai fuska biyu, wanda zai yi masa zagon ƙasa da sunan addini ya kuma yi masa murmushi. In ya tafi da wannan a ransa, to ba ni kaɗai ya shafa ba, duk mai salla ya shafa. Matata ce ta ce, "Wannan ba maganar waya ba ce. Ka tashi ka je, ko korar ka zai yi ya kore ka a ƙofarsa."

Ranar Asabar da hantsi na same shi a rumfar, zaune a kan kujerar roba, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Na yi sallama, ya amsa da ka. Ya nuna bokitin da sanda ya ce, "Ga gawar nan. Ka zo ta'aziyya ne?"

Na durƙusa na kwance ɗankwalin. Wani tantani mai santsi ya rufe saman ruwan, kuma warin da ya bugi hancina ba irin na ranar da na yi wanka da giyar ba ne. Wannan kaifi gare shi, har ya sa ni ƙwalla. Na san shi. Duk mai shiga kicin ya san shi. Ruwan khal ne, wanda ake zubawa a kwaɗon ganye. Abin da ban sani ba shi ne ko juyewar ta kammala, kuma ba ni da hancin da zai rarrabe.

Na shiga gida na karɓo cokali wurin Mama, na ture tantanin gefe na ɗebo, na miƙa masa.

"Baba, a nan kai ne malami. Ɗanɗana ka gaya mini tsakaninka da Allah, akwai sauran maye a cikin abin nan?"

Ya harare ni, amma ya karɓa. Ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya juya shi a baki, ya sake ɗebowa ya kurɓa. Ya ce, "Maye? Wannan ko ɗan tsako ba zai bugar ba. Ba sauran komai. Shi ya sa nake kuka."

Na karɓi cokalin, na ɗauraye, na ɗebo, na yi bisimilla na kai baki.

Baba ya yunƙura har sandarsa ta faɗi. "Malam, mene ne haka? So kake a ce na lalata ka?"

Sai da tari ya sake ni sannan na iya magana, don abin yana da ƙarfi. Na gaya masa cewa a karatunmu, giya in ta juye da kanta ta zama khal, ta tsarkaka, ta halatta, abin yabo ce ma a wurin cin abinci. Sharaɗin shi ne mayen ya tafi gaba ɗaya.

Ya ce, "To in ƙarya na yi maka fa? Ina fushi da kai. In na so in rama fa?"

Na ce, "Da ka ci amanata, kuma ba za ka yi ba. Na zauna a gidanka, Baba."

Yana kallon bokitin, yana murza gwiwarsa. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Tun da nake abin nan, kowa ya zo gidan nan sai na ba shi ya ɗanɗana. Kai kaɗai ne kullum nake ɓoye wa kofi."

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce tsohon Baturen lambu ya zo duba shi, ya tambaye shi yaushe ya ɗura a kwalba, shi kuma ya ce tun tana tafasa da ranta mana. A garinsu burkutun da ya daina motsi ya mutu, ba mai ba baƙo shi. Baturen ya riƙe kai ya ce ai ta kwalba sai ta gama aikinta ta yi shiru ake rufewa, in ba haka ba bam ka haɗa. Na gaya masa ni ma labarin tulun mahaifiyata da ƙyallenta. Baba ya fara dariya har yana riƙe ƙugun da aka yi wa aiki. Ya ce, "Wato ni na bi uwata, kai ka bi uwarka, su biyun suna kabari sun haɗu sun kashe mini giya." Mama da ke laɓe a bakin ƙofar kicin ta ce, "Allah ya saka musu da alheri."

Ranar nan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba: na taya Baba ɗuri. Muka dafa kwalaben da suka tsira a ruwan zafi, muka tace khal ɗin da farin ƙyalle har ya fito garau, launin zuma, yana ƙamshin citta da ganyen nan mai ɗaci. Ni na riƙe mazurari, shi yana zaune yana ba da umarni kamar har yanzu yana kan sitiyari. "Kar ka cika, bar masa wuya. Goge bakin. Yanzu rufe gam, Malam, gam na ce, ba ɗankwali." Ya ce in rubuta wa kowace kwalba suna, na rubuta da Ajami, shi kuma ya bi ƙasa da boko don kada wani ya ɗauka rubutun sha ne. Muka mayar da su ƙarƙashin matakala su kwanta har ranar biki, wannan karon ba mai tsoron wucewa.

Ba zan ce komai ya gyaru ba. Abin da Baba ya so bai samu ba. Ranar biki da ta shago ya zuba wa dattawan gidan ango, kuma na ga yadda hannunsa ya yi nauyi. Amma da za a sallame su ya ba kowane dattijo kwalba guda ta aikin gidansa, ya kuma ba su labarin tun daga tabaran ninƙaya. Wani tsoho a cikinsu ya buɗe ya shinshina ya ce, "A garinmu suruki abin manta gajiya yake bayarwa, kai ka ba mu abin farkawa." Mama kuwa ta zuba shi a kwaɗon da aka raba wa kowa, tana bin tebur tana gaya wa matan zumunta, kanta a sama, cewa maigida ne ya haɗa.

Da zan tafi, Baba ya dogara sandarsa ya rako ni har bakin titi, duk da na hana shi. Ya ce, "A asibiti na ce maka ka biya, magani ne ke magana. Buɗe kwalba ko ɗan kwana-kwana zai yi. Sannan na zo na zarge ka da abin da ba halinka ba, wannan kuma nawa ne, ka yafe mini." Na ce na yafe tun a rumfa. Ya ce, "Ranar da ka miƙo mini cokali, ka ɗora addininka a kan maganata, ina cikin fushi da kai, ranar ka biya. Har da canji. Daga yau ba mai bin wani."

Na riƙe hannunsa har bas ta zo.

Abin da na koya shi ne, hikimar da aka ba ka a gida gaskiya ce, amma a cikin tulun da aka ba ka ita. Kafin ka juye ta a kwalbar wani, ka tambayi mai kwalbar. Na kuma koyi wanda ya fi wannan. Na yi shekaru ina zaton sai na yi wa Baba wata babbar hidima zan sauke alherinsa, ashe dattijon ba hidima yake jira ba. So yake ya san cewa ɗan da ya sauka a gidansa ya yarda da shi har cikin zuciya. Ba lallai ne ku ci abu ɗaya ko ku fuskanci alƙibla ɗaya ba. In ka sami mutumin da za ka tambaya tsakaninsa da Allah, ka kuma haɗiye amsarsa ba tare da ɗar ba, to ka riƙe shi da hannu biyu.